Zaizayar Haƙori: Abin da Tsami Yake Yi Mana a Hankali



Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai shiga littafin bana, mu 'yan babban aji mun kwana biyu muna gardama. Wasu suka ce a rubuta tarihin unguwarmu Briqueterie, wasu suka ce ladubban ɗalibi. Abin da ya raba gardamar ya faru ne a tsakar makaranta. Wani ɗan ajinmu ya kurɓi ruwan sanyi, sai ya dafe baki, har idonsa ya kawo ruwa. Muka ce tsutsa ce ta ci masa haƙori. Ya buɗe baki muka leƙa, babu kogo, babu baƙi, sai dai haƙoransa na gaba sun yi sulɓi, bakinsu ya yi siriri kamar gilashi. Da mahaifinsa ya kai shi wurin likitan haƙori, tambayar farko da aka yi masa ita ce: "Me kake sha kullum?"

Amsar duk mun san ta. Kwalbar folere ba ta barin hannunsa, yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har Azahar, sannan in an tashi ya sayi lemun tsami ya barbaɗa gishiri yana tsotsa. Likita ya ce tsami ne ya cinye masa rufin haƙori, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare sauran. Ba za mu faɗi sunansa ba, ya san kansa, kuma da yardarsa muka rubuta. Abin da muka koya daga littattafanmu na kimiyya da kuma gwajin da muka yi a aji, shi ne muke kawo muku.

Sulken haƙori

Farin da muke gani idan mutum ya yi murmushi rufi ne kawai. A darasin kimiyya na makarantar boko da Faransanci ana ce masa émail, mu kuwa a nan za mu kira shi sulken haƙori, don aikin sulke yake yi. Babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi ma. Kusan kashi 96 cikin 100 na sulken nan ma'adini ne da aka gina da sinadaran kalsiyam da fosfet. Amma fa siriri ne: inda ya fi kauri, wato a kan turamen haƙora, bai wuce milimita 2.5 ba, kuma yana ƙara sirancewa wajen dasashi.

A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, wanda bai kai shi ƙarfi ba, ana ce masa dantin. Shi wannan cike yake da 'yan ƙananan hanyoyi da suke kaiwa ga jijiyar haƙori. Muddin sulke yana nan, jijiya ba ta jin sanyi ko zafi sosai. Da zarar ya zaizaye, ruwan sanyi, shayi mai zafi, har iskar asuba, duk sai su isa gare ta. Zogin da ɗan'uwanmu ya ji ke nan.

Ga abin da ya fi tayar mana da hankali. Idan mutum ya yanke a hannu, fata tana haɗewa. Idan ƙashi ya karye, a ɗora shi ya kama. Sulken haƙori kuwa babu ƙwayar halitta mai rai a cikinsa, saboda haka jiki ba ya iya ƙera sabo. Haƙoran yarinta 20 ne, su kan zube a samu wasu. Na girma 32 ne, suna fara fitowa tun yaro yana wajen shekara 6, kuma daga su babu wasu. Ashe haƙoran da yawancinmu muke ɗauke da su yau a aji, da su za mu ci tuwo har tsufa, in Allah ya ba mu tsawon rai.

Yadda ake auna tsami

Hausawa sun daɗe da sanin wannan abu, ko da ba su ba shi suna na kimiyya ba. Wanda ya sha ɗanyen mangwaro ko ya tsotsi tsamiya yakan ce, "Haƙorana sun mutu." Ya kasa tauna komai na ɗan lokaci, ya ji haƙoran sun yi gautsi. Wannan mutuwar haƙorin gargaɗi ce, tsami ya taɓa fuskar sulken.

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, ya fito da shi a 1909. Ma'aunin yana tafiya daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, kuma iya ƙanƙantar lamba iya ƙarfin tsami. Abin da ya haura 7, irin su kanwa da sabulu, kishiyar tsami ne. Abin lura shi ne kowane mataki ɗaya ninki goma ne: abin da yake kan 4 ya ninka mai 5 sau goma a tsami.

Sulken haƙori yana fara narkewa idan bakin mutum ya sauka ƙasa da wajen 5.5. To ku duba abubuwan da muke sha. Ruwan lemun zaƙi yana wajen 3.5 zuwa 4. Folere, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya suke kira zoɓo, yana wajen 3 ko ƙasa da haka. Baƙin lemon kwalba mai gas yana wajen 2.5. Ruwan lemun tsami yana tsakanin 2 da 2.5. Mun yi lissafin a kan allo: daga 5.5 zuwa 2.5 matakai uku ne, goma sau goma sau goma, dubu ke nan. Wato abin da yake kan 2.5 ya ninka tsamin da haƙori zai iya jurewa sau 1,000.

Wani zai ce ai folerenmu zaƙi gare shi, ba tsami ba. Sukari yana ɓoye tsami ne ga harshe kawai, haƙori kuwa yana jin sa yadda yake. Haka kuma lemon kwalba da aka rubuta babu sukari a jikinsa, shi ma tsaminsa yana nan.

Gwajin ƙwai

Don mu gani da idonmu, malaminmu ya ba mu izini muka kawo kofuna huɗu da dafaffun ƙwai huɗu. Muka zuba ruwa a na farko, folere a na biyu, lemon kwalba a na uku, ruwan khal a na huɗu, muka saka ƙwai ɗaya-ɗaya, muka rufe.

Na cikin ruwan khal tun a take ya fara fitar da 'yan kumfa a jikinsa. Bayan kwana biyu muka buɗe. Na cikin ruwa yana nan kamar yadda muka saka shi. Na folere da na lemon kwalba sun rine, sun rasa santsinsu, muka sa farce muka kankara sai ga wani abu yana fita kamar alli. Na ruwan khal kuwa ɓawon ya narke, muna taɓa shi yana lotsawa kamar ƙwallon roba. 'Yan ƙaramin aji da suka zo kallo har da masu ja da baya.

Gaskiya ɓawon ƙwai bai kai sulken haƙori ƙarfi ba, sinadarinsu ma ba iri ɗaya ba ne sak, kuma babu wanda yake riƙe lemo a baki kwana biyu. Amma dukansu kalsiyam ne ginshiƙinsu, kuma hanyar da tsami yake bi ya narkar da su ɗaya ce. Mu da muke zaune a Yawunde, garin tuddai, mun san yadda ruwan sama yake yi wa gangare. Ruwan yini ɗaya ba ya tafiya da hanya. Damina bayan damina ce take wanke jar ƙasa har a wayi gari rami ya zo bakin ƙofa. Shi ya sa muka kira abin nan zaizayar haƙori.

Yawu, kanwar baki

To in haka ne, me ya sa haƙoranmu ba su ƙare tun tuni ba? Amsar tana kicin ɗin iyayenmu mata. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, me Inna take yi? Ta jefa 'yar kanwa, tsamin ya mutu. Mun ma gwada a aji: muka ɗiga ruwan kanwa a cikin folere, jan ya juye ya koma duhu mai ɗan kore, alamar tsamin ya karye.

Allah ya sanya wa baki irin tasa kanwar, ita ce yawu. A cikin yawu akwai sinadarin bikabonet mai kashe tsami, dangin wanda yake cikin kanwa. Akwai kuma kalsiyam da fosfet, waɗanda suke komawa su cike inda tsami ya sassauta, in dai bai riga ya tafi da wurin ba. Babban mutum yana samar da yawu rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Abin da muke tofarwa muna ƙyama, ashe shi ne mai gadin haƙoranmu.

Sai dai mai gadin nan yana buƙatar lokaci. A shekarun 1940 wani likitan haƙori a Amurka, Robert Stephan, ya auna abin da yake faruwa a jikin haƙori bayan an kurkure baki da ruwan sukari. Ya ga tsami yana tashi cikin 'yan mintoci, sannan sai a ɗauki wajen rabin awa zuwa awa ɗaya kafin abin ya koma daidai. A nan darasinmu gaba ɗaya yake. Wanda ya shanye kofin folere a zama ɗaya tare da abinci, sau ɗaya tsami ya kai wa haƙoransa hari, yawu ya zo ya gyara. Wanda ya riƙe kwalba ɗaya yana kurɓa duk bayan minti goma har awa uku, bai ba yawu damar gama aikinsa ko sau ɗaya ba. Folere ɗaya suka sha, amma ɓarnar ba ɗaya ba ce. Yawan maimaitawa da daɗewar tsami a baki su ne suke cin haƙori, fiye da yawan abin da aka sha.

Ya kamata mu bambanta wannan da kogon haƙori. Mun taso muna jin ana cewa tsutsa ce take huda haƙori. Tun a 1890 wani likita Ba'amurke da yake aiki a birnin Balin na Jamus, Willoughby Miller, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne na cikin baki suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya huda wuri ɗaya ya zama kogo. Zaizaya kuwa ba ta buƙatar ƙwayar cuta, tsamin da muka zuba da hannunmu ne yake wanke fuskar haƙori gaba ɗaya. Shi ya sa mai tsabtar baki ma tana iya kama shi. Lemon kwalba da folere mai sukari kuwa sun haɗa duka biyun.

Inda muke kuskure

Da muka zauna muka lissafa ɗabi'unmu, kowa ya samu nasa a ciki.

Akwai masu tsotsar lemun tsami, ɗanyen mangwaro, kasimango ko tsamiya a hanyar makaranta, su manna su a haƙoran gaba. Akwai masu guntsar lemon kwalba su riƙa wasa da shi a baki kafin su haɗiye. Akwai yayyenmu da suke raka soya da lemo mai sanyi da daddare, su dawo gida su kwanta haka nan, alhali a cikin barci yawu yana raguwa ƙwarai, mai gadi ya tafi hutu. Akwai iyaye mata da suke zuba wa jariri ruwan lemo ko folere a fida ya yi barci da ita a baki, ga shi sulken haƙoran yarinta ya fi na manya sirantaka.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne na neman farin haƙori. Ana yaɗa bidiyo a Facebook da TikTok ana cewa a matse lemun tsami a haɗa da gawayi, toka, gishiri ko bakin soda a dirje haƙora, musamman gab da Sallah ko biki. 'Yan'uwanmu mata, da maza ma, don Allah a bari. Tsamin ya tausasa sulke, abin dirzawar ya kankare shi. Kwana biyu haƙori zai yi haske, daga baya sulken ya sirance, ruwan ɗorawar da yake ƙarƙashi ya bayyana. Sai mutum ya ga haƙoransa sun ƙara ja, ya ƙara dirza, garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma tsamin da yake fitowa daga ciki. Ruwan cikin mutum ya fi lemun tsami ƙarfi. Mai yawan ƙwarnafi, mai yawan amai, da mace mai laulayin ciki, tsamin nan yana taɓa bayan haƙoransu na sama, inda ba a gani a madubi. Wanda ya yi amai ya kurkure baki da ruwa sosai, kada ya ɗauki buroshi nan take. Mai ƙwarnafi kullum kuma ya je asibiti, don matsalar ta wuce ta haƙori.

Aswaki da buɗa-baki

Nan ne muka fi daɗewa muna tattaunawa. Bayan an sha abu mai tsami, fuskar haƙori tana yin laushi na ɗan lokaci. Idan aka goge ta a wannan hali, da buroshi ko da aswaki, ana iya kankare abin da yawu zai gyara da an bar shi. Shi ya sa likitocin haƙori da dama suke ba da shawarar a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a goge.

Sai wani a cikinmu ya ce, to ya za mu yi da azumi? An kira Magariba, baki ya bushe tun safe, mun sha folere da kunun tsamiya da ruwan lemo, sannan mu ɗauki aswaki mu goge mu tafi masallaci. Mu bar aswaki ke nan?

A'a, ba wanda ya ce a bar shi. Aswaki sunna ce, kuma yana cire dattin da ƙwayoyin cuta suke taruwa a ciki. Abin da za a gyara jerin ne kawai. A buɗe baki da dabino da ruwa, kamar yadda aka koya mana tun farko, a kurkure, a yi aswaki, a yi salla. In an dawo sai a sha folere da kunun tsamiya tare da abinci, a bi da ruwa. Kafin Isha'i lokaci ya ɗan ja, yawu ya yi aikinsa. Da sahur ma haka: a rage kayan tsami, don baki zai yini babu abin da zai wanke shi. Kuma a tauna bakin aswakin ya yi laushi, a goge a hankali, kada a riƙa zarto da shi gefe da gefe kamar ana kankare tukunya.

Abin da muka ɗaukar wa kanmu

Ba mu ce a daina shan folere ba, ba mu ce a daina shan 'ya'yan itace ba. Lemu da abarba da mangwaro suna da amfani ga jiki, kuma mun san akwai gidaje a unguwar nan da kuɗin folere ake sayen littafi da sabulu. Ga dai abin da muka yi alkawari a tsakaninmu:

1. Abu mai tsami a sha shi lokacin cin abinci, a shanye a zama ɗaya. Tsakanin abinci da abinci, ruwa.

2. Kada a riƙe shi a baki. In akwai tsinken zuƙa a yi amfani da shi, a kai shi can ciki ya wuce haƙoran gaba.

3. Da an gama a kurkure baki da ruwa. Wannan bai ci ko sisi ba.

4. A jira aƙalla rabin awa kafin buroshi ko aswaki.

5. A goge baki sau biyu a yini, da safe da kuma kafin barci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid. A duba jikin kwalin, za a ga an rubuta fluor da lamba tsakanin 1000 da 1500 ppm. Fuloraid yana shiga fuskar sulke ya ƙara mata juriya ga tsami, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan man a jerin muhimman magunguna. Bayan gogewa a tofar da kumfa, kada a bi da ruwa mai yawa, don maganin ya zauna. Ƙananan yara ɗan kaɗan ake lakata musu, babba yana tsaye kada su haɗiye.

6. Bayan gogewar dare, babu abin da zai shiga baki sai ruwa.

7. Madara da kosam abokan haƙori ne. Kindirmo yana da ɗan tsami, amma kalsiyam ɗin da yake cikinsa yana hana shi cin sulke kamar lemo, in dai ba a cika masa sukari ba. Cingam marar sukari shi ma yana tsinko yawu.

8. Lemun tsami, gawayi, toka da kanwa ba kayan goge haƙori ba ne.

Yaushe za a ga likita?

Idan ruwan sanyi ko abu mai zaƙi yana sa zogi, idan bakin haƙoran gaba ya fara zama kamar gilashi ko yana ɓantarewa, idan haƙora suna ƙara ruwan ɗorawa duk da gogewa, ko aka ga 'yan ramuka masu santsi a kan turame, to lokaci ya yi. Kada a jira sai kunci ya kumbura. Kada kuma a danna ƙwayar asfirin a jikin haƙori mai ciwo, ita ma tsami ce, tana ƙona dasashi. Akwai sashen haƙori a Babban Asibitin Yawunde, wanda ba shi da nisa da mu, da kuma asibitin koyarwa na jami'a. Likita yana iya shafa maganin da zai rage zogi, ko ya rufe inda ya zaizaye. Tun abin yana ƙarami kuɗinsa ma ya fi sauƙi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki da haƙori, wato kusan rabin mutanen duniya. An kuma ware 20 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da lafiyar baki. Muna roƙon malamanmu, in ranar ta zagayo, a bar mu mu sake gwajin ƙwai a gaban 'yan ƙananan aji, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ɗalibai ma muna da wani dalili na musamman. A darasin tajwidi an koya mana haruffan da suke fita daga kan harshe da haƙoran gaba na sama. Wanda ya rasa waɗannan haƙoran, ko suka gutsure, ya san wahalar da yake sha kafin harafi ya fita daidai.

Ɗan'uwanmu har yanzu yana shan folere, amma da abincin rana, kuma kwalbar da take hannunsa a aji yanzu ta ruwa ce. Ya ce zogin ya ragu, ko da yake sulken da ya tafi ya tafi. Iyayenmu, a duba bakin ƙannenmu yau da daddare kafin su kwanta, a kuma duba abin da yake cikin fidar jariri. Inda muka yi kuskure a wannan rubutu, malamai su gyara mana. 



Ɗaliban babban aji